Amsar Tambayar Yaya: Wa Ke Riƙe da Ragamar Mulki a Birtaniya?

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya. Ka tambaya cewa a ƙasar da ke da Sarki kuma ke da Firaminista wane ne ke ba wani umarni, sannan mu Hausawan da muka zauna nan ina muke kai kukanmu. Kusan duk baƙon da ya sauka Landan daga gida sai ya yi mana wannan tambayar, kuma amsar duka biyun wuri ɗaya take komawa.

Komai da sunan Sarki ake yin sa. Gwamnati ta Mai Martaba ce, hotonsa ne a kan sababbin kuɗi, fasfo ma da sunansa ake bayarwa. Amma Sarki Charles na uku, wanda ya gaji mahaifiyarsa a Satumban 2022, ba ya zaɓen minista, ba ya tsara kasafin kuɗi. Ko jawabin da yake karantawa ranar buɗe majalisa, da kambi a kansa, gwamnati ce ke rubuta masa, ya so abin da ke ciki ko bai so ba, haka zai ce "gwamnatina za ta yi kaza." Ƙuduri ba ya zama doka sai da amincewarsa, sai dai rabon da mai sarauta ya ƙi amincewa tun 1708, zamanin Sarauniya Anne. Abin da yake da shi na gaske shi ne ganawar mako-mako da Firaminista, su biyu rak, ba mai rubuta abin da aka tattauna. Nan zai iya ba da shawara, ya ja kunne. Iyakarta ke nan.

Iko yana Majalisar Wakilai mai kujeru 650. Ba mu da zaɓen Firaminista kamar yadda kuke da na shugaban ƙasa. Kowa ɗan majalisar mazaɓarsa yake zaɓa, sai Sarki ya kira shugaban jam'iyyar da ke da rinjaye fada, ya ce ya kafa gwamnati. Su Baba sun san wannan tsarin, don shi aka yi a Jamhuriya ta Farko: Abubakar Tafawa Ɓalewa ɗan majalisa ne daga Bauchi kuma Firaminista, kuma daga 1960 zuwa 1963 Sarauniya Elizabeth ce shugabar ƙasa a takarda, Azikiwe na wakiltarta a matsayin Gwamna Janar.

Inda za ka fi ganin bambanci shi ne majalisar ministoci. A gida, sanata in ya samu minista dole ya bar kujerarsa. A nan sai kana majalisa ake ba ka. Shi ya sa a 2023, da Firaminista Rishi Sunak ya so dawo da tsohon Firaminista David Cameron ya riƙe harkokin waje, sai da aka shigar da shi Majalisar Dattawa, wadda naɗi ake yi a cikinta ba zaɓen jama'a ba. Manyan ministoci, ashirin da 'yan kai, kan zauna yawanci ranar Talata a gidan Firaminista, mai lamba 10 a titin Downing. A cikin ɗaki kowa na iya musu son ransa, amma da zarar an yanke shawara, ta zama ta kowa: ko ka fito ka kare ta a gaban 'yan jarida, ko ka ajiye aiki. Minista Robin Cook haka ya yi a Maris 2003 kan yaƙin Iraƙi, ya sauka, ya tashi a majalisa ya faɗi dalilinsa. Shi kuwa Firaminista, duk Laraba da tsakar rana in majalisa na zama, sai ya tsaya kusan rabin awa ana yi masa tambayoyi, ana masa ihu ido da ido. Shugaban adawa ma yana da nasa ministocin na jiran gado, kowanne ya sa wa minista ɗaya ido.

Firaminista na iya korar kowane minista cikin dare ɗaya, amma su ma ministocin na iya cinye shi. A Yulin 2022 Sunak da Sajid Javid, suna ministoci a lokacin, suka ajiye aiki a yammaci ɗaya, cikin kwana biyu sama da mutum 50 suka bi su, Firaminista Boris Johnson ya rasa waɗanda zai cike guraben da su, dole ya sanar da sauka. Liz Truss da ta gaje shi ba ta cika wata biyu ba, Sunak ya gaje ta. Firaminista uku a shekara ɗaya, ba soja, ba kotu, ba babban zaɓe, kuma albashi bai tsaya ba, don ma'aikatan gwamnati ba sa tafiya da minista.

Kada ka ɗauka yabo kawai nake yi. Truss, 'yan jam'iyyarta ne kaɗai suka zaɓe ta, da ƙuri'u dubu 81 da ɗoriya, a ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 65. A 2024 kuma jam'iyyar Leba ta ci kujeru sama da 400 da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'u. Wannan bai kwanta mini ba har yau.

To mu fa? Fada ba ta cikin lissafinmu sai a talabijin. Ɗan majalisar unguwa muke riƙe wa. Ɗan Najeriya ko Gana mai izinin zama na iya rajista ya yi zaɓe ko bai karɓi fasfon nan ba, albarkacin ƙungiyar Commonwealth. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa sai sun zama 'yan ƙasa, abin da kan jawo tsokana a wurin shan shayi. Yawancin 'yan majalisa na ware lokaci, sau da yawa ranar Juma'a, su zauna a wani ɗaki na laburare ko zauren unguwa. Kujerun roba ne a jere, kowa da jakar takardunsa a cinya. Abu na farko da mataimakinsa zai tambaye ka shi ne adireshinka, don ba ya karɓar ƙorafin wanda ba ɗan mazaɓarsa ba. Ba ka kai masa goro, shi ma ba ya ba ka kuɗin mota. Wasiƙa zai rubuta wa ministan da abin ya shafa, kuma al'ada ta sa ma'aikata ta amsa. Batun gidan haya na hukuma, gurbin makarantar yara da filin maƙabarta kuwa, wurin kansila ake zuwa. Don haka in masallaci ya shirya buɗa baki ko taron Sallah, za ka ga an gayyato su biyun, an zaunar da su a gaba.

Suna zuwa ne saboda kusan kowa, har minista, kujerarsa a mazaɓa take. A zaɓen 2024 Jonathan Ashworth na cikin waɗanda ake sa ran za su samu minista in Leba ta ci. Leba ta ci, shi kuwa ya faɗi a Leicester ta Kudu a hannun ɗan takara mai zaman kansa, Shockat Adam, da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 1,000 ba, kuma batun Gaza ne ya ja Musulmin yankin. Galibinsu 'yan asalin Indiya ne da maƙwabtanta. Mu ba mu da irin wannan yawan a ko'ina, shi ya sa a harkar zaɓe tare da su da Somaliyawa muke tafiya. A gaida Inna da yara.