Amsa ga mai son aikin ceton gaggawa a motar asibiti

Salamu alaikum. Ɗan'uwanmu daga wajen Gumel ya tambaya yadda zai zama ma'aikacin ceton gaggawa, irin masu shiga motar asibiti, da kuma ko ana samun aikin a yankinmu.

Malam, guraben da aka ware da sunan wannan aiki kaɗan ne a Kano da Jigawa. Galibin masu raka mara lafiya a mota nas ne ko CHEW, wato ma'aikacin lafiya na cikin al'umma. Don haka ka fara neman takardar da ke da lasisi. Kana buƙatar kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kimiyyar sinadarai da Fizis. CHEW shekara 3 ne, ana yi a kwalejin lafiya ta Jahun ko ta Kano. In kana da hali, karatun nas ya fi buɗe ƙofa, domin bayansa akwai kwas na musamman kan haɗari da gaggawa. Difloma ta aikin ceton kanta akwai, asibitin koyarwa na Jami'ar Benin ya daɗe yana horarwa. Kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha ko hukumar da ke ba da lasisi ta amince da makarantar. Yara da yawa sun ƙare da takardar da ba ta ɗaukar aiki.

Sai iya aiki da hannu, don shi ake dubawa. Ka yi horon agajin farko na Red Cross, ka nemi zama a sashen haɗari na babban asibiti. In zuciyar babban mutum ta tsaya, danna ƙirji sau 30 ne, hura numfashi 2, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, kuma a kan ƙasa mai tauri. A kan katifa mai laushi dannawar ba ta shiga yadda ya kamata. Jini a danne da ƙarfi, in ƙyallen ya jiƙe a ɗora wani a kai, kada a cire na farko, don yana ɓalle gudan jinin da ya fara haɗuwa. Wanda ya faɗo daga babur, a riƙe kai da wuya a miƙe. Ɗaukar da jama'a ke yi, wannan ya kama hannu wancan ƙafa, ita ke shanye wa mutum jiki. Saran maciji kuwa ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaure tamau. A kafe gaɓar da itace a nufi inda ke da maganin dafi.

A ƙauye abin da za ka fi gani shi ne mai naƙuda da jijjiga ko zubar jini bayan haihuwa, cikin dare, hanya ta yanke da damina. Ka ƙware a nan sosai.

Wajen neman aiki, ka sa ido kan ɗaukar ma'aikata na hukumar lafiya matakin farko ta jiha, da Road Safety, da shirin NEMSAS na tarayya mai kula da agajin gaggawa da motocin asibiti, da asibitoci masu zaman kansu. Ka haɗa da lasisin tuƙi, yana ƙara maka daraja a gaban masu tantancewa.