Kafin ka ba da kafin alƙalami, kai wanda zai duba maka gidan

Tambaya: Malam, ina sayar da yadi a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke Kaduna. Dillali ya nuna mini gida a wajen Kigo Road, an yi masa sabon fenti, farashin ma ya yi mini. Ya ce in ba da kafin alƙalami cikin satin nan don akwai masu so. Yayana ya ce in fara ɗauko injiniya ya duba, ni kuma ina ganin asarar kuɗi ce, tunda na gani da idona. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, yayanka ya fi ka gaskiya. Kai da ba ka karɓar bandir sai ka warware ka ga cikinsa, yaya za ka zuba jarin shekaru a kan abin da fenti kaɗai ka gani?

Unguwar da ka ambata ce ta fi tsaya mini a rai. Kogin Kaduna kan cika ya yi ambaliya a Agusta da Satumba, kuma wasu sassan Kigo Road na cikin wuraren da ruwan ya saba shiga. Gidan da ruwa ya taɓa kwana a ciki yana barin shaida: layi a jikin bango, filasta mai kumbura tana zuba, tayil da ke amsa kuwa in an ƙwanƙwasa, ƙasan ƙofar ƙarfe da tsatsa ta ci. Sabon fenti yana rufe wannan har damina ta zagayo. Injiniya zai bambance maka tsagar filasta, wadda birkila zai gyara a yini guda, da tsagar da ta taso daga fandisho saboda ƙasa ta zauna. Ta biyun ba ta da ƙarshen kashe kuɗi. Zai leƙa cikin silin ya ga ko gara ta cinye katako, ko kwano na yoyo, ya kuma duba tazarar masai da rijiya. Ka haɗa da mai gyaran wuta ya duba waya, ka tambayi bashin da ke kan mita.

Amma injiniyan, kai za ka nemo shi, kai za ka biya shi, mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya. Dillali la'adarsa yake jira, ba ya cin komai sai an yi ciniki, don haka wanda ya kawo ba naka ba ne. Ka ce a rubuta maka abin da aka gani da kiyasin kuɗin gyara. Da wannan takardar za ka koma ka nemi ragi, kuma sau da yawa ragin ya ninka ladan injiniyan.

Takardu kuma aikin lauya ne. A kai lambar satifiket ɗin mallakar gidan ofishin KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, a tabbatar sunan wa ke kai, da ko an jinginar da gidan a banki. A nemi izinin gini na KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, don mutanen Kaduna sun ga rusau da idonsu. Dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya mallaka. In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu.

Maganar "akwai masu so" kuwa, kai ma ɗan kasuwa ne, ka san ta. In dole sai ka ajiye wani abu, a rubuta a gaban shaidu cewa za a mayar maka da kuɗinka idan dubawa ta nuna matsala. Kafin nan ka je unguwar kai kaɗai bayan La'asar, ka zauna wurin mai shayi, ka tambayi inda ruwa ya tsaya bara.