Tambayoyinku: Takardar gwaji ta ce motar lafiyarta ƙalau, shin in biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina tara kuɗi domin in sayi motata ta farko, kuma na samu wata ta hannu wadda ta kwanta mini a rai. Mai ita ya nuna mini takardar gwajin lafiyar mota wadda wa'adinta bai ƙare ba, ya ce ba ta taɓa yin haɗari ba, kuma mitarta tana nuna kilomita 68,000 duk da cewa ta shekara 11. Yana ta matsa mini in yi sauri, wai akwai wani mai so. Shin takardar ta isa in dogara da ita? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Takardar tana da amfani, amma ba ta isa ba. Abin da take shaidawa shi ne cewa a ranar da aka kai motar wurin gwaji, birkinta da fitilunta da tayoyinta da sitiyarinta da hayaƙin da take fitarwa sun cika mafi ƙarancin abin da doka ta nema. Ba ta ce komai a kan abin da ya faru bayan wannan rana ba, kuma akwai sassa masu tsada waɗanda ba ta shafe su ba. A Ingila, inda ake kiran gwajin MOT kuma ake yin sa duk shekara da zarar mota ta cika shekara 3, hukuma da kanta ta bayyana cewa gwajin bai haɗa da duba lafiyar inji da kuloci da giya ba, alhali waɗannan ukun su ne suke cinye kuɗin mai mota idan suka lalace. A Jamus da Japan kuwa, bayan gwajin farko sai duk shekara 2 ake komawa, saboda haka takarda mai rai tana iya kasancewa ta kusa shekara 2 da rubutawa.

Abin da ya fi takarda ɗaya muhimmanci shi ne jerin takardun, kuma mabuɗinsu shi ne lambar shasi. Tun daga 1981 aka daidaita ta zuwa haruffa da alƙaluma 17, kuma ba a sa I da O da Q a ciki don kada a rikita su da 1 da 0. Za ka same ta a gindin gilashin gaba ta wajen direba, da jikin ƙarfen da ƙofar direba ke rufewa a kansa, da kuma wani wuri a jikin shasin inda aka buga ta a ƙarfe. Ka kwafe ta da hannunka daga kowane wuri, ka gwada da wadda ke cikin takardu harafi bayan harafi. Idan ka ga alamar walda ko sabon fenti kewaye da ita, ko ɗaya ta saɓa wa sauran, to maganar ciniki ta ƙare.

Da wannan lamba ake bin sawun mota. Idan ta taɓa zama a Amurka, kamfanoni irin su Carfax da AutoCheck suna sayar da rahoton da ke nuna yawan waɗanda suka mallake ta, da haɗurran da aka kai rahotonsu, da ko kamfanin inshora ya taɓa yanke cewa gyaranta ya fi ƙarfin darajarta. Idan daga Ingila take, shafin gwamnati yana nuna tarihin gwajinta kyauta tun daga 2005 ga duk wanda ya san lambar rajistarta, har da kilomita ko mil ɗin da aka rubuta a kowane gwaji da gargaɗin da mai gwajin ya yi. Ka karanta gargaɗin nan da natsuwa, domin tsatsar da aka ambata shekara uku a jere tana gaya maka irin riƙon da aka yi wa motar. Sai dai ka sani, haɗarin da aka gyara a ɓoye ba tare da sanin inshora ba ba zai fito a kowane rahoto ba.

Kilomitan nan 68,000 su ne suka fi tsaya mini a rai. Idan ka raba su da shekara 11, bai wuce kilomita 6,200 a shekara ba. Hakan yana yiwuwa ga motar da aka fi ajiyewa, amma mayar da mita baya tsohuwar dabara ce, kuma mitar lantarki ba ta hana ta ba. A jerin takardun gwaji da rasitan sabis, adadin ya kamata ya riƙa hawa ne kawai. Sannan jikin motar ba ya iya ɓoye shekarunsa. Ka dubi robar fedar birki ko ta suɗe har ƙarfe ya leƙo, ka shafa sitiyarin ka ji ko ya yi santsi da ƙyalli a inda hannu ke kamawa, ka dubi gefen kujerar direba ko ya lotsa.

Ka nemi a bar maka motar da sanyinta, wato ba a tayar da ita ba tun daren jiya, domin inji mai zafi yana ɓoye wahalar tashi da ƙarar da ke fita a mintunan farko. Idan ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, dole fitilun gargaɗi na inji da na ABS (na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi) da na jakar iska (wadda ke kumbura ta kare mutum a haɗari) su kama, sannan su mutu bayan ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an kashe ta ne da gangan. Shuɗin hayaƙi daga salansa yana nufin inji yana shan baƙin mai, farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya yankewa kuma yana nuna ruwan lagireto yana shiga inji, galibi saboda gaskit ya ƙone. Ka tuƙa ta da kanka a hanya mai santsi da mai gargada, ka taka birki da ƙarfi a inda babu kowa, ka lura ko tana ja gefe guda.

Duk da haka, kada ka biya sai bakaniken da kai ka zaɓa ya shiga ƙarƙashinta ya kuma jona mata na'urar kwamfuta. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 duk suna da mahaɗar OBD-II, wato inda ake jona wannan na'ura, kuma na'urar tana iya nuna cewa kwanan nan aka goge bayanan matsala. Game da gaggawar da ake sa ka, mai mota mai lafiya ba ya asarar komai idan ya jira ka kwana ɗaya.

Tambaya: Ina jin ana cewa akwai motocin da ambaliya ta shanye ake gyarawa a sayar. Yaya zan gane su? Daga wata mai karatu.

Amsa: Gaskiya ne, Malama. Bayan guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017, motoci masu ɗimbin yawa sun nutse a Amurka, kuma wasunsu sun sake shiga kasuwa. Haɗarinsu shi ne ruwa yana cin wayoyi da na'urorin lantarki a hankali, sai bayan watanni matsala ta fara bayyana. Ki rufe ƙofofi na ɗan lokaci sannan ki shiga ki shaƙa. Warin danshi, ko ƙamshin turare mai yawa da aka fesa don a danne shi, abin lura ne. Ki ɗaga kafet, ki leƙa ramin safayar taya ko akwai busasshiyar laka, ki jawo bel ɗin kujera har ƙarshe domin a can ne shatin ruwa yake saura, ki kuma duba ƙusoshin da ke riƙe kujeru ko sun yi tsatsa. A ra'ayina irin wannan mota ba ta da araha, komai sauƙin kuɗinta.

Tambaya: Tayoyin motar da nake so suna da zane sosai. Shin hakan ya wadatar? Daga wani mai karatu.

Amsa: Bai wadatar ba, Malam, domin roba tana tsufa ko da ba a taka ta ba. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai mafi ƙarancin zurfin zane da doka ta yarda da shi milimita 1.6 ne, amma ka duba shekarun tayar ma. A gefenta, ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai alƙaluma huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 yana nufin mako na 23 na 2019. Idan kuma gefe ɗaya na tayar ya fi ɗayan cinyewa, ka sa bakanike ya duba saitin ƙafafun motar da shokazoba, ya kuma tabbatar shasin bai taɓa lanƙwashewa ba.