Littafin sirrin gida ya hana ki barci? Ba ke kaɗai ba ce

Ƴar'uwa kin ce kin gama wani nobel na yarinyar da ta gano wadda take kira Mama ba ita ta haife ta ba, tun lokacin kike jin wani iri, kina tambaya ko haka yake yi wa kowa. Wallahi haka yake, nima irinsa ya taɓa riƙe min ƙirji.

Dabarar marubutan ita ce su ba ki labarin ta bakin wadda ita kanta a duhu take, duk ƙaryar da aka yi mata ke ma an yi miki, sai a babin ƙarshe ki tuna ashe shi ya sa goggo take shiru in an zo maganar haihuwarta, shi ya sa babu hoton sunanta a akwatin Mama.

Kuma mu nan Kaduna abin na kusa da mu ne fa, daga Tudun Wada har Kawo wane gida ne babu ɗan riƙo? Riƙo alheri ne, ɓoye wa yaro asalinsa ne yake min ciwo, don Suratul Ahzab aya ta 5 ta ce a kira su da sunan iyayensu maza, ga maganar gado, ga shayarwa da take haramta aure, ranar da ta fashe kowa sai ya ji jiki.

Ki daina karanta irinsu a waya cikin dare dai, in kuma akwai abin da ya tsaya miki a rai game da gidanku ki samu kaka ku zauna a nutse.