Ku Tambayi Anti: Ɗaukar ɗan jagora a Kolosiyam, asarar kuɗi ce?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya yara. Dan Allah shawara nake nema. Ƙanin maigidana yana karatu a Italiya, bana zai gama, toh zamu je bikin yaye su ni da maigida da Hajiya surukata da yaranmu biyu, kuma kwana biyu kacal zamu yi a Roma kafin mu wuce garin da yake. Yaran sun ishe mu sai an kai su Kolosiyam ɗin nan, tsohon filin wasan Rumawan da, da suke gani a waya. Na duba intanet naga akwai wanda zaku ɗauka ku kaɗai ya zaga da ku a ƙafa yana muku bayani, amma kuɗin Anti ba'a cewa komai, maigida yace shi bazai ba wani ƙato ɗaruruwan yuro dan ya nuna masa kango ba, ai yana da ido. Ga Hajiya kuma da ciwon gwiwa. Ya kike gani?

Maman Amir, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam Maman Amir, Allah ya sanya alheri, Allah yasa ayi taro lafiya. Ki gaishe min da Hajiya da jiki.

Maganar Alhaji ta bani dariya wallahi, dan nima abinda na faɗa kenan zuwana na farko. A wajenmu makaho ake yi wa ɗan jagora, mai ido me zai yi da shi. Na shiga na zaga na ɗau hoto na fito, ko awa ɗaya ban cika ba, abinda na gani bulo ne da duwatsu da ramuka da uban mutane kowa ya ɗaga waya sama. Sai a zuwa na biyu da muka haɗa kuɗi mu huɗu muka ɗauki wata baiwar Allah ƴar garin mai lasisi, sannan na gane ashe a karon farko makauniyar ce ni, idon ne kawai a buɗe.

Bari in baki misali guda. Tun kafin mu shiga ta tsayar da mu a jikin bango tace mu ɗaga kai. Duk jikin ginin huji ne huji ne kamar gara ta ci, ni da na ɗauka harsashi ne na wani yaƙi. Ashe da ƙarfe aka ɗaure manyan duwatsun da juna, bayan daular Rum ta faɗi mutanen gari suka riƙa fasa dutsen suna zaro ƙarfen suna kai wa maƙera, wato dai ƴan jari bola ba yau aka fara ba. Ta kuma nuna mana lambobi a saman ƙofofin, har yanzu ana karanta wasu, akwai wadda aka rubuta LII wato 52 a lissafinsu. Ƙofa 80 ce gaba ɗaya, 76 daga ciki masu lamba ne na talakawa, kowa da ƙofarsa da wajen zamansa, haka mutum wajen 50,000 ke shiga su fita ba turmutsutsu. Na wuce ta ƙarƙashin lambobin nan a zuwan farko ko kallonsu ban yi ba.

Ga tarihin a taƙaice dan ki samu na faɗa wa yara a jirgi. Wajen da tafki ne a cikin gidan sarki Nero, wanda ya ƙwace tsakiyar gari ya gina wa kansa fada bayan gobarar shekara ta 64 miladiyya. Da Besfasiyan ya hau mulki sai ya sa aka zuƙe tafkin ya fara ginin wajen shekara ta 72, dan ya nuna wa jama'a ya dawo musu da filinsu, siyasa dai. Kuɗin kuma daga ganimar da suka kwaso ne a Birnin Ƙudus a shekara ta 70. Bai ga ƙarshen aikin ba ya mutu, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80 da wasanni na kwana 100, masu tarihinsu na da sun rubuta cewa dabbobi 9,000 aka kashe a bikin kaɗai. Tsawon ginin mita 189, faɗi 156, tsayi kusan 48. Gefe ɗayan da zaki ga ya rushe girgizar ƙasa ce ta 1349, daga nan aka mayar da shi wajen ɗibar dutse kyauta, aka gina majami'u da gidajen manya da shi, sai a 1749 Fafaroma Benedict na 14 ya keɓe wajen.

Toh amma inda kuɗinki zai yi aiki da gaske shi ne ƙarƙashin ƙasa. In kika leƙa tsakiyar filin daga sama zaki ga wasu lunguna da ɗakuna kamar kangon tsohuwar kasuwa, a da duk wannan a rufe yake da katako an zuba yashi a kai dan ya tsotse jini. Domishiyan ƙanin Titus ne ya gina ƙasan nan hawa biyu. Da muka sauka sai naji jikina yayi sanyi, lungu ne matsattse, bangon da danshi, ta nuna mana wani dutse a ƙasa mai rami a tsakiya tace nan ake kafa sandar da bayi ke murzawa suna jan igiya, kejin da zaki ke ciki ya tashi sama, ƙofa ta buɗe a tsakiyar fili dabbar ta faso kamar daga ƙasa ta tsiro. An ma sake ƙera irin lif ɗin guda ɗaya na katako a 2015 dan mutane su ga yadda yake aiki. Tace mu yi tunanin wajen ba rana ba iska sai fitilar mai, ga kashin dabbobi ga gurnani ga ihun mutum dubu hamsin a saman kanki. Zakunan da damisa da jiminu kuwa mafi yawa daga Afirka ta Arewa aka riƙa kamo su ana lodawa a jirgin ruwa, abin ya ɗan sosa min rai. Da safe farautar dabbobi, da tsakar rana kashe waɗanda aka yanke wa hukunci, da yamma sai ƴan takobi su kara. Shekarun yaranki ban gani a wasiƙar ba, in ƙanana ne ki ja ta gefe tun farko kice ta sassauta bayanin tsakar ranar nan, wannan ma yana cikin amfanin ku kaɗai ne, a cikin ayarin mutum talatin wa zai saurare ki.

Wani abu kuma da zai ba Alhaji mamaki, ba kowane faɗa ake mutuwa ba yadda fim ke nunawa. Ɗan takobi dukiya ne, an ciyar da shi an horar da shi, ubangidansa baya son asara, makarantarsu ma tana nan tsallaken titi ana kiranta Ludus Magnus, kina iya leƙa kangonta daga bakin hanya kyauta. Wurin zama kuma da daraja ake bi, ƴan majalisa a ƙasa gaba gaba wasu har da sunansu a sassaƙe a jikin marmara, mu mata kuwa can ƙololuwa aka tura mu tare da talaka tilis, hmm. A saman ne kuma sojojin ruwa ke jan wata ƙatuwar rumfa ta yadi dan inuwa, tunda su suka san kan igiya.

Yanzu maganar kuɗi. Ki raba abu biyu a ranki, tikiti daban, ɗan jagora daban. Zuwana na ƙarshe tikitin shiga yuro 18 ne, kuma da shi zaki shiga tsohuwar kasuwa da majalisar gari da ake kira Forum da dutsen Palatino, duk suna maƙwabtaka. Mai haɗe da ƙarƙashin ƙasan yuro 24, shi ne ke ƙarewa da wuri kamar ƙosai, ana sakinsa a shafin hukumar wajen kimanin wata guda kafin ranar. Yara ƴan ƙasa da 18 basa biyan kuɗin shiga amma sai an yankar musu nasu. Tun 2023 suna ake rubutawa a tikitin, dan haka yadda sunan yake a fasfo haka zaki rubuta, kar ki sa Hajiya ko Alhaji a gaba, kuma ku riƙe fasfo ɗin ranar. Duk wanda zaki ɗauka ki tambaye shi a rubuce: tikiti na cikin kuɗin ko a'a, ƙarƙashin ƙasa na ciki ko a'a, awa nawa, mutum nawa, in an fasa ya maganar mayar da kuɗi. Da yawa zasu rubuta miki har filin fama, kiyi zaton ƙasan ne, ashe saman dandamali kawai zaki tsaya ki leƙa. Kuma ɗan jagora na gaskiya a Italiya yana da lasisi, zaki ga katinsa rataye a wuya.

Shi kuɗin ɗan jagoran na ayari ne ba na kai ɗaya ba galibi, toh ku biyar ne, ko shida in ɗan makarantar zai biyo ku, ki raba ki nuna wa Alhaji lissafin. Da ke kaɗai ce ko ku biyu matasa da na ce ki bar kuɗinki, ki sa abin sauraro a kunne ki bi a hankali ya wadatar. Amma da Hajiya a tafiyar, gaskiya ki ɗauka. Matakalan wajen dogaye ne kuma a tsaye suke, ayari baya jiran kowa, mai tuta na gaba ana binsa kamar tumaki. Akwai lif da ke kaiwa hawa na sama, ɗan jagoranku zai kai ku kai tsaye ba yawon nema, in ta gaji a zauna. Forum kuwa duwatsun hanyar gargada ne ba inuwar kirki, shawarata Hajiya ta tsaya a Kolosiyam ta huta, masu ƙafa su ƙarasa su ga ƙofar tunawa da Septimiyus Seberus, sarkin Rum ɗin da aka haifa a Libiya ta yau.

Ku ɗauki lokacin safe na farko musamman in bazara ce tasu, zafin Yuli da Agusta ko ɗan Sakkwato sai ya nemi inuwa. Lahadin farkon wata shiga kyauta ne, kar kyautar ta ruɗe ku, layin ba na mai ciwon gwiwa bane. Jirgin ƙarƙashin ƙasa layin B zai sauke ku a tashar Colosseo, kina fitowa ginin na gabanki, amma jaka a gaba dan ƴan sane sun fi na Kantin Kwari gwaninta. A bakin tashar ne wani ɗan kamasho ya taɓa cin kuɗina wai zai tsallakar da ni layi, ƙarshenta na bi layin binciken jaka kamar kowa, wannan layin ba mai tsallake shi. Masu shigar sojan da da hular gashi kar yara su matsa kusa da su da waya, hoto ɗaya sai rigimar kuɗi, haka mai ɗaura miki zare a hannu yana cewa kyauta ne. Babbar jaka bata shiga. Ku tafi da gora, famfunan titi na Roma ruwansu mai sanyi ne ana sha. Kuma dan Allah ki ja wa Amir kunne, a 2023 wani ɗan yawon buɗe ido ya kankare bango da makulli ya rubuta sunansa da na budurwarsa, duniya ta ɗauka, a lokacin tarar irin wannan na iya kaiwa yuro 15,000 har da ɗauri. Abincin halal ku nufi wajen Piazza Vittorio kusa da tashar Termini ba nisa, babban masallacin Roma da aka buɗe a 1995 yana can arewacin gari, in Juma'a ta riske ku sai ku ware masa lokaci.

TAMBAYA

Anti ina wuni. Zan raka mahaifina ganin likita a Sfax ta Tunisiya, ance akwai irin ginin nan na Roma a kusa. Gaskiya ne, kuma sai da ɗan jagora?

Wani ɗanku daga Maraɗi

AMSA

Allah ya ba Baba lafiya yasa kaffara ne. Gaskiya ne, garin sunansa El Jem, tsakanin Sfax da Susa yake, jirgin ƙasa na tsayawa kuma daga tasha da ƙafa zaka ƙarasa, tun daga nesa zaka hango shi ya fi duk gidajen garin tsayi. An gina shi wajen shekara ta 238 lokacin garin na amsa sunan Thysdrus yana ji da arzikin man zaitun, yana ɗaukar mutum kamar 35,000, hukumar UNESCO ta sa shi a jerin wuraren tarihi na duniya a 1979. Anan kam bazan ce ka kashe kuɗi ba, ka riƙe abinka na magani. Ba cunkoso irin na Roma, lungunan ƙarƙashin ƙasan zaka shiga da kanka ka ga ɗakunan dabbobin, abinda na faɗa wa Maman Amir a sama shi zaka gani. Kar ka yar da tikitinka, da shi zaka shiga gidan tarihin garin inda aka ajiye zane zanen daɓe na ƙananan duwatsu masu launi, ni sun ma fi burge ni. Ka bari sai ranar da likita bai ba ku alƙawari ba, ka tafi da safe, kafin la'asar ka dawo wajen Baba.