Kwana 5 a Maroko Ba Za Su Kai Ka Merzuga Ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kwana 5 za su ishe ka ka zaga Fas da Marrakesh, sannan ka leƙa tuddan rairayin Merzuga da ke cikin Hamadar Sahara. Ba za su isa ba, sai dai idan ka yarda rabin hutun ya ƙare a kujerar mota. Shawarata ita ce ka bar Merzuga sai wani zuwan, ka raba kwana 4 tsakanin biranen biyu, ranar da ta rage kuma ka haura ƙauyen Imlil da ke gindin Dutsen Tubkal.

Dalili shi ne layin dogo a Marrakesh ya tsaya, daga nan zuwa Merzuga kuwa sai tafiyar fiye da kilomita 500 a mota, ta mashigin Tizi n'Tishka mai kwane-kwane a tsaunukan Atlas. Lokacin da na bi hanyar, mun tashi da asuba, ba mu sauka ba sai da magariba ta kawo jiki, ƙafafuna duk sun kumbura. Amma idan Saharar ce ta ɗauko ka, to ka haƙura da Fas, ka ware wa Saharar kwana 3 cur.