Lifidi da bindiga mai ruwa

Kai ja'iri, wato daga kallon hawan Daushe a waya har ka yanke hukunci a daina harba bindigar toka, a ajiye lifidi da sulke, tunda ba su hana Bature cin Kano ba? Na yi dariya har kakarka ta leƙo, amma daga baya maganar ta tsaya min a rai.

Kana da gaskiya ta wani gefen. A Fabrairun 1903 da Kanar Morland ya iso Kano da sojan Ingila, Sarki Alu ma yana Sakkwato, igwa aka sa aka fasa ƙofa. Ga kuma bindiga mai ruwa, wato Maxim. Ɗamarar harsashi ake zura mata, a cika mata ruwa don kada bakinta ya yi zafi, ta yi ta aman wuta, harsashi kusan 600 a minti ɗaya. Namu ɗan bindigar kuwa sai ya ɗura albarushi, ya cusa tsumma, ya danna da sanda, kafin ya samu harbi guda.

Ina yaro, wata jajibirin sallah kakana, Allah ya ji ƙansa, ya fito da wani tsohon lifidi daga adaka zai shanya. Yana saurayi ya bi rundunar Wazirin Kano Ahmadu zuwa Kwatarkwashi, inda aka gwabza da sojojin Bature, yana kula da dawaki. Ya kama hannuna ya tura yatsana cikin wata 'yar huda a ƙirjin lifidin, audugar ciki ta yi baƙi ta ƙeƙashe. Ya ce wannan rigar kibiya ake yi wa ita, kibiya ta shiga auduga ta maƙale, mahayi ya wuce abinsa. Ran nan kuwa sojojin ba su da yawa, suka jeru kusurwa huɗu suna harbi tare, dawaki na zubewa tun kafin mashi ya kai. Wai tun daga ranar bai ƙara cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ba. Na tambaye shi lifidin wane ne, sai ya ce in ɗebo masa ruwan alwala.

Su ma Turawan ai ta juyo kansu. A Somme, can ƙasar Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ranar 1 ga Yulin 1916 kaɗai, sojan Ingila kusan 20,000 suka mutu, da yawa a bakin irin wannan bindiga ta Jamus. Mutanenmu kuma aka kwashe su zuwa Garwa da Mora yaƙin Kamaru.

Duk da haka kowace sallah sai kakan nan ya kai ni Ƙofar Kudu jin ƙarar bindiga, yana cewa wanda ya bar gida, gida ya bar shi. Ku yanzu kuna tsaye gaban doki da waya a sama, ba wanda ya san sunan ko linzami, wasu yaran kuma su cika albarushi fiye da kima don burge 'yan mata, har bindiga ta fashe a hannu. Wannan ne ya kamata a daina.

Lifidin yana wurin baffanka, asu ya ci rabinsa. In ka zo ka ce ya nuna maka, ka taho min da goro.